Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga matasa masu shirin neman kujerar kansila da ta ciyaman

Assalamu alaikum, ƙannenmu maza da mata.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mun rubuto muku ne saboda mun ga yadda sha'awar takarar ƙaramar hukuma ta ƙaru a cikinku, musamman tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da hurumin ajiye zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Muna murna da wannan sha'awa. Mazaɓa tana buƙatar wanda ya san rijiyar da ta ƙafe da ajin da iska ta yaye wa kwano, kuma babu wanda ya fi ku sanin waɗannan. Abin da ke damunmu shi ne yawan masu faɗawa takara ba su zauna sun lissafa abin da za ta ci musu ba, sai an tashi daga zaɓe a tarar gona ta tafi, aiki ya tafi, ga bashi, ga gaba da dangi. Roƙonmu guda ɗaya ne. Kafin ka sayi fom, ka rubuta a takarda iyakar abin da za ka iya rasawa ba tare da tukunyar gidanka ta sauka ba, ka nuna wa iyalinka, in kuma aka kai wannan iyakar ka tsaya, ko da saura kwana uku a jefa ƙuri'a.

Ku fara da sanin inda ake cin wannan zaɓe. In aka cire ƙananan hukumomi shida na Abuja, ba INEC ce ke gudanar da shi ba. Sashe na 197 na tsarin mulkin 1999 ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince. Ku dubi abin da ya fito daga akwatunan. A Agustan 2024 PDP ta kwashe kujerun ciyaman 20 na Bauchi. A Satumba APC ta kwashe 23 na Sakkwato, a Oktoba ta kwashe 23 na Kaduna. Ranar 26 ga wannan Oktoban NNPP ta ɗauke ciyamomi 44 da kansiloli 484 na Kano, babu ko ɗaya da ya kuɓuce. A Fabrairun 2025 APC ta ɗauke 34 na Katsina. Jam'iyyu uku daban-daban, amma sakamakon iri ɗaya: wadda ke gidan gwamnati ita ke tafiya da komai. A Abuja kuwa, inda INEC ta gudanar da zaɓen 2022, raba daidai aka yi, APC uku, PDP uku.

Wannan yana da ma'ana ga aljihunka. In kana jam'iyya mai mulki, gwagwarmayarka ta samun tuta ce, kuma takan ƙare tun kafin a buga takardar ƙuri'a. In kana adawa, ka kashe kuɗi irin kashewar mai gina suna don gaba, kada ka kashe irin na mai jiran ya mayar bayan rantsuwa. Ba ka kuma da damar tsayawa da ƙafarka kai kaɗai, domin tsarin mulki bai yarda da ɗan takara marar jam'iyya ba.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambaci hanyoyi uku na fitar da gwani: 'yar tinƙe, zaɓen daliget, da masalaha. A ƙaramar hukuma masalaha ce ta fi yawa. Ɗan majalisar jiha, ɗan majalisar tarayya, kwamishinan yankin, shugaban jam'iyya da wasu dattawa za su zauna su fitar da suna, a kai sama a sa albarka. Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata ka samu amsarsu tun kafin ka buga fosta ko ɗaya. Su wane ne za su zauna a wannan ɗaki? A cikinsu wa zai ambaci sunanka, ya kuma tsaya a kai in an yi gardama? Akwai tsarin karɓa-karɓa tsakanin garuruwa ko unguwannin mazaɓarku, kuma wannan zagayen na su wane ne? Matasa da yawa sun kashe wata shida suna zagaye, alhali an riga an yanke cewa kujerar ta ƙauyen gabas ce a wannan karo. Duk ɗan jam'iyyar da ya daɗe a mazaɓar ya san wannan, amma ba zai faɗa maka ba muddin kana sallamar sa duk lokacin da ya zo.

Sai batun kuɗi. Fom biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai na jam'iyya, wanda shi ma yakan kasu gida biyu, na nuna sha'awa da na tsayawa takara. Sannan akwai na hukumar zaɓen jiha. INEC ba ta karɓar kuɗin fom daga ɗan takara, amma hukumomin jihohi suna karɓa, wani lokacin ma da tsada. A 2024 hukumar zaɓen Kano ta sanar da naira miliyan 10 ga ciyaman, miliyan 5 ga kansila, har wasu jam'iyyu suka garzaya kotu. Don ku gane nauyin wannan adadi, a 2022 APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan miliyan 2. Kuma mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa na sama da wata 71, kusan shekara shida, bai ci bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan 5. Kuɗin fom ba a mayarwa. In aka yi masalaha aka ce ka janye wa wani, sai dai in wanda aka ɗaga wa hannu ya ga dama ya rage maka asara, kuma alkawarin da aka yi da baki a ɗakin sulhu ba ya cika kai wa mako biyu.

Tantancewa ma tana da nata kuɗin da wahalarta. Za a nemi takardun makaranta, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, katin zaɓe mai nuna rajistarka a yankin, katin jam'iyya, da shaidar biyan haraji ta shekara uku. Wanda bai taɓa biya ba sai an yi masa ƙiyasi ya biya a dunƙule. A Kano an saba tura 'yan takara gwajin ƙwaya wurin hukumar NDLEA, kuma an sha sauke waɗanda suka faɗi gwajin. Abin da ya fi kayar da mutane a nan ƙaramin abu ne: suna ko ranar haihuwa da suka saɓa. Takardar sakandare ta ce Muhammad Sani, katin ɗan ƙasa ya ce Sani Muhammad Bello, katin zaɓe kuma ya rage shekara biyu. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka gyara tun da wuri ta hanyar da doka ta tanada. Abokin hamayyarka yana da wanda ya ba wannan aikin a kanka. Takardar jabu kuwa kada ka kusance ta, domin ko ka ci tana iya sauke ka, ta kuma kai ka gaban alƙali.

Amma duk waɗannan ba su ne ke karya ɗan takara ba, don ana ganin su tun daga nesa. Abin da ke karya shi kuɗin ƙofar gida ne. Daga ranar da fostarka ta hau bango, in ka fito sallar Asuba za ka dawo ka tarar da mutane a kan dakali. Wannan yana riƙe da takardar magani da aka rubuta wa matarsa a asibiti. Wannan an koro ɗansa saboda kuɗin jarrabawa. Wata dattijuwa ta zo da jikanta ta ce tun jiya ba su ɗora tukunya ba. Ga samari uku da suka ce su ne suka kwana suna gadin fostarka kada a yage. Yawancinsu gaskiya suke faɗa, talaucin na gaske ne, kuma mutanenka ne, ka san su sun san ka. Ba za ka iya shigewa ka rufe ƙofa ba. To, yi lissafi. A ce mutum goma sha biyar a rana, kowa naira dubu ɗaya kacal, na tsawon kwana casa'in: naira miliyan 1 da dubu 350 ke nan, ba ka buga fosta ba, ba ka zuba mai a mota ba. In takarar ta ratsa azumi, ga kayan buɗa-baki, ga kayan sallah. Suna, biki, ta'aziyya, saukar karatu, wasan ƙwallon unguwa, duk sai an gan ka, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa, waɗanda kan kai goma sha zuwa ashirin da wani abu gwargwadon jam'iyya, duk zaman da ka kira su sai ka ba su kuɗin mota. Mai neman ciyaman ya ninka wannan da yawan mazaɓunsa. A Kano, in aka raba 484 gida 44, kowace ƙaramar hukuma ta tashi da mazaɓu goma sha ɗaya.

Maganin wannan ba rowa ba ce, tsari ne. Ka ware kuɗin ƙofa na kowane mako, ka damƙa wa mutum ɗaya amintacce wanda ba ya neman komai a wurinka, ya riƙe littafi ya rubuta duk abin da ya fita. In na makon ya ƙare, ya ƙare. Ka buɗe asusun takara daban, kada ya haɗu da na shago ko na cefane. Kuma kada ka riƙa yawo da kuɗi a aljihun gaba, domin ɗan takarar da ke ciro kuɗi da hannunsa a gaban jama'a ba ya iya cewa babu.

Ranar zaɓe tana da nata kasafin, kuma shi ne wanda ya kamata a killace tun farko, kada a taɓa. Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809, wato kusan rumfa ashirin a kowace mazaɓa. In ka sa ejan biyu a kowace rumfa, mutum arba'in ke nan, kowa da abincinsa, da katin waya, da abin sallama. Ka ƙara da na wurin tattara sakamako, da baburan da za su bi akwatuna. Abin da ke faruwa shi ne ɗan takara ya ƙarar da kuɗinsa a gangami da kiɗa, ranar zaɓe ejan ya wuni a rana ba ko ruwan leda, ƙarfe biyu na rana wani ya kira shi gefe ya ba shi abinci da ɗan abin sawa a aljihu, ya bar rumfar kafin a ƙirga. Ejan da bai tsaya an ƙirga a gabansa ba, bai sa hannu ba, bai karɓo kwafin takardar sakamako ba, daidai yake da ba a tura kowa ba. Sayen ƙuri'a kuma laifi ne. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi tara har naira 500,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, kuma ko babu wanda ya kama ka, wanda ya fi ka kuɗi zai taya sama da tayinka a layi ɗaya.

In aka yi maka abin da kake ganin zalunci ne, kotu ma kuɗi ce. Akwai lauya, akwai kuɗin fitar da kwafin takardu masu hatimi, akwai jigilar shaidu, domin alƙalai kan nemi a tabbatar da maguɗi rumfa-rumfa, ta bakin wanda ya tsaya a wurin. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne ƙwarai. A zaɓukan da INEC ke gudanarwa kwana 14 ne ga rikicin fitar da gwani, kwana 21 ga ƙarar sakamako, dokar kowace jiha kuma tana da nata wa'adin ga zaɓen ƙananan hukumomi. Wanda ya tsaya jiran dattawa su yi masa sulhu har kwanakin suka wuce, ya rasa sulhun ya rasa ƙarar. Ka yanke tun yanzu ko kana da kuɗin shari'a. In babu, ka san cewa abin da aka sanar shi ke nan.

Daga ina kuɗin zai fito? A nan ne muke roƙon ku da babbar murya. Kada ka sayar da gidan da iyalinka ke ciki. Kada ka jinginar da gonar da ke ciyar da ku, balle gonar gado da ba a raba ba, wadda ƙannenka mata da marayun ɗan uwanka ke da haƙƙi a ciki. Kada ka karɓi sarƙar matarka ko kuɗin adashinta da sunan za ka mayar in an rantsar da kai. Kada ka ci bashi mai ruwa, domin ruwan ba ya jiran sakamakon zaɓe, ga kuma abin da addini ya ce a kansa. Abin da ya dace a kashe shi ne rarar da in ta tafi za ka ji zafi amma yara ba za su bar makaranta ba, sai gudummawar 'yan uwa da abokai da suka bayar suna sane cewa kyauta ce.

Sai ubangida. Kusan duk matashin da ya samu tuta akwai babban da ya tsaya masa, wannan ba abin kunya ba ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka karɓi kuɗinsa ka tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi: ranka ya daɗe, wannan gudummawa ce ko rance? In rance ne, nawa, kuma yaushe? In gudummawa ce, me ake so in yi in Allah ya ba mu? Wanda ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma sani cewa ranar da ubangidanka ya saɓa da gwamna ko ya sauya sheƙa, rigimarsa ta zama taka, ko an yi shawara da kai ko ba a yi ba.

Ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, ku saurara da kyau, domin ku ne asararku ba ta gyaruwa. Sashe na 66 da na 107 na tsarin mulki sun ce ma'aikacin gwamnati mai neman majalisar tarayya ko ta jiha sai ya bar aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma dokokin zaɓen ƙananan hukumomi na jihohi kan ɗauki irin wannan sharaɗi. Kalmomin da tsarin mulki ya yi amfani da su su ne ajiye aiki, janyewa ko ritaya. Bai ambaci hutu ba. In za ka ajiye, ka tabbatar an buga wa kwafin takardarka hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata, kuma in albashi ya ci gaba da shigowa asusunka bayan haka kada ka taɓa shi, ka rubuta ka mayar, don da wannan ake kayar da mutum a kotu. Masu riƙe da muƙamin naɗi kuma, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce su sauka tun kafin zaɓen fitar da gwani. Yanzu ka auna: kujerar shekara uku ce a Kano da Kaduna, aikinka kuwa galibi na shekara 35 ne ko har ka cika 60. Mai shekara goma sha biyu a aiki da ya ajiye ya bar shekara ashirin da uku na albashi da ƙarin girma. In yana tsarin fansho na asusun tara-da-kanka kuma bai kai shekara 50 ba, abin da dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cira shi ne kashi 25 cikin ɗari, shi ma sai ya yi wata huɗu ba aiki. Alkawarin “za mu mayar da kai bakin aikinka” ba ya cikin kowace doka.

Ɗan kasuwa ma bai tsira ba. Wata uku ba ka zauna a shago ba, yara ne ke juyawa, kuma duk wanda ya karɓi kaya bashi ya ɗauka cewa ɗan takara ba zai iya tambayar kuɗinsa ba, gaskiyarsa kuwa. Ka ƙirga kayan shagonka kafin ka fara, ka rufe littafin bashi, ka hana ɗaukar ko buhu ɗaya da sunan kamfe.

Abin da ba a iya rubutawa da lamba shi ne na cikin gida. Matarka ce za ta dafa wa baƙin da ba ta gayyata ba, ita za ta ji habaici a gidan biki, ita za a aiko wa da abin da aka rubuta a kanka a Facebook. Sojojin baka za su hau rediyo da daddare su tono abin da kai ma ka manta, har da wanda bai faru ba, mahaifiyarka tana saurare. A mazaɓa ɗaya abokin karawarka ba baƙo ba ne. Ɗan baffanka ne, ko surukinka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Akwai gidajen da aka daina gaisawa shekara da shekaru saboda kujerar kansila, masu kujerar sun sauka tuntuni, gabar tana nan. Ka zauna da mahaifanka da iyalinka tun kafin su ji a bakin mutane, ka faɗa musu adadin da ka ware da abin da ba za ka taɓa ba. In mahaifi ko mahaifiya suka ce ka haƙura, ka ɗauki maganar da nauyinta. Kuma ka je da ƙafarka gidan ɗan uwan da za ku kara, ku yi magana gaban wani babba cewa iyaye da mata ba sa cikin wannan fage.

Ƙannenmu mata, naku nauyin ya ninka. Jam'iyyu kan yafe muku wani ɓangare na kuɗin fom, kamar yadda APC ta yi a 2022, amma fom ne mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanku. Zaman da ake yanke hukunci da tsakar dare ake yin sa. Wadda ta yi aure a wata ƙaramar hukuma, garin mijinta a ce baƙuwa ce, garinsu a ce ta tafi. Makamin farko da za a ɗauko a kanta kuma mutuncinta ne. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin NEPU kafin mace a Arewa ta samu ko damar jefa ƙuri'a, saboda haka wurin naku ne, ba aro kuka zo yi ba. Amma ki tabbatar goyon bayan maigida da na gidanku na gaske ne, wanda zai jure ranar da aka fara ƙazafi, ki kuma samu muharrami ko wakili amintacce da zai zauna miki a zaman dare ya kawo miki gaskiyar abin da aka ce.

Maganar 'yan daba gajera ce. Kowane gari da sunan da yake kiran su, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina. Za su zo su ce su ne tsaronka. In ka saya musu ƙwaya sau ɗaya ka zama nasu, ba su zama naka ba. In aka zubar da jini a tawagarka sunanka za a rubuta a ofishin 'yan sanda, kuma uwar yaron da aka sara maƙwabciyarka ce har ƙarshen rayuwa.

To, a ce Allah ya ba ka. Kansila ɗan majalisa ne. Aikinsa yin dokokin ƙaramar hukuma, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda aka kashe. Ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, amma mutanen mazaɓa ba su san wannan bambanci ba, kuma layin ƙofar gida ninkuwa zai yi. Duk alkawarin transifoma da ɗaukar aiki da ka yi a kamfe za a zo karɓa. Ciyaman shi ke da alƙalami, sai dai an daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli, kuma maganar asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi tana nan rubuce a sashe na 162 na tsarin mulki. Haɗarin da ke nan shi ne a aiko maka da takardar fitar da kuɗi daga sama a ce sa hannu. Rigar kariya ta sashe na 308 ta shugaban ƙasa ce da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa. Ciyaman da kansila ba su da ita. Ranar da EFCC ko ICPC suka zo, wanda sa hannunsa ke kan takarda shi za su kira, wanda ya ba da umarni ta waya ba ya cikin fayil. Za ka kuma cike fom ɗin bayyana kadara na hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin hawa da lokacin sauka, har da kadarar 'ya'yanka da ba su kai shekara 18 ba, kuma dokar ɗa'ar ta hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci tafiyar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Wanda ya ci bashin miliyoyi yana tunanin albashin kujera zai biya a shekara uku, tare da layin ƙofar gida, zai tarar lissafin ba ya fita sai an taɓa abin da ba nasa ba. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi Abu Zarri cewa shugabanci amana ne, kuma abin nadama ne ranar ƙiyama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke abin da ke kansa. Mai hawa kujera da bashi a wuya ya riga ya tsananta wa kansa wannan saukewa.

In kuma aka sha kaye, wayarka za ta yi shiru cikin kwana biyu, dakalin ƙofar gida ya zama wayam, sai masu bin bashi: mai buga fosta, mai hayar kujeru da rumfa, mai gidan mai. Wannan shirun yana taɓa mutum fiye da yadda ake zato, har ya kai wasu ga hawan jini da ƙin fita cikin jama'a. Ka tanadi cefanen wata uku da kuɗin makarantar zango ɗaya a wurin da hannunka ba zai kai ba lokacin kamfe, ka kuma bar wa kanka sana'ar da za ka koma washegari.

Kafin a buɗe sayar da fom, ka je ofishin hukumar zaɓen jiharku ka karɓi kwafin dokar zaɓen ƙananan hukumomi da jadawalin zaɓe. Ka ba lauya ya karanta maka wurare biyar: mafi ƙarancin shekaru, matakin karatu, ranar ƙarshe ta ajiye aiki, kuɗin da hukuma ke karɓa, da wa'adin shigar da ƙara. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta sauko da na majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma na kansila da ciyaman dokar jiharku ce ke faɗa. In an kira ka zaman masalaha, kada ka je kai kaɗai, ka tafi da dattijo ɗaya da zai zama shaida, kuma duk abin da aka yi maka alkawari don ka janye, ka roƙa a rubuta a sa hannu kafin a tashi. Ka yi istihara, ka sa ranar da kai da mai riƙe maka littafi za ku zauna duk mako biyu ku duba abin da ya fita da abin da ya rage, iyalinka kuma su ga littafin.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mazaɓunmu shugabanni nagari.

Wassalam.

Daga yayyenku da suka daɗe a harkar zaɓen mazaɓu.